Enoch Biyu na Rafin Barewa

Duk wanda ya zauna a Rafin Barewa a shekarun da suka biyo bayan yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya san tafiyar Enoch Gilmore tun daga nesa. Yakan jefa ƙafar dama ya ja ta hagu, kamar mai tsoron taka ƙaya. Sanyi ne ya cinye masa yatsu uku a wani hunturu da rundunar Janar, babban kwamandan yaƙin, ta yi a sansani ba takalmi ba bargo, mutane na naɗe ƙafa da tsumma, kullum gari ya waye an rasa wasu. Shi bai gudu ba. Ya shiga soja yana da shekara talatin da 'yan kai, manomin haya daga gabashin duwatsu, ya fito da muƙamin saje, kuma sunan ya bi shi har kabari. Ko matarsa Jennet Saje take ce masa, in ranta ya ɓaci sai ta ja kalmar.

'Ya'ya biyu ya bari a gida da zai tafi, Thomas da ƙanensa wanda aka sa wa sunan uban. Da ya dawo ɗaya ya tarar. Zazzaɓi ya ɗauke Thomas yana can fagen fama, Jennet ce ta binne shi ita da maƙwabta, daga nan kuma sunan ya daina fita daga bakin kowa a gidan. Wanda ya rage, don a bambanta shi da uban, Ƙarami ake kiransa, har ya yi gemu ya kere uban tsawo.

Bayan yaƙi Saje ya ɗora ɗan abin da suka mallaka a kan dawaki biyu, ya tsallaka duwatsu da iyalinsa zuwa yamma, inda ƙasa ke da arha ga mai iya riƙe gatari. Shi da yaron suka sare daji, suka kafa gidan gungume, suka shuka hatsi a tsakanin kututture. Da Ƙarami ya isa aure ya kawo Prudence, yarinya marar yawan magana, aka ƙara musu ɗaki a jikin gidan.

Saje bai taɓa yin magana da Janar ba. Daga nesa yake hango shi, kamar yadda kowane ƙaramin soja ke hango manya. Amma yakan ce mutumin da ya iya riƙe mayunwata shekara da shekaru ba su watse ba, ba a ja da shi. Ranar da labari ya iso kwarin Rafin Barewa cewa Janar ya zama shugaban ƙasa na farko, Saje ya fito da tsohuwar bindigarsa ya harba sama, ya yanka maraƙi ya kira maƙwabta.

Ba a jima ba gwamnatin da ya yi wa wannan murna ta sa haraji a kan giyar wuski. A birni wannan ba wani abu ba ne. A wajenmu kuwa wuski shi ne hatsinmu. Hanyar duwatsu ba ta ɗaukar kaya mai nauyi, doki kuma kafin ya kai buhu biyu kasuwa ya cinye ɗaya. Sai a dafa hatsin a tace, ya koma 'yar ganga, da ita ake samun gishiri da ƙarfe, da ita ake sallamar fasto da unguwarzoma. Ga shi an ce sai an biya da tsabar kuɗi, abin da wani yakan shekara bai riƙe a hannunsa ba. Wanda ya karɓi aikin tara harajin a kwarin kuwa ba baƙo ba ne, Silas Harkness ne, da ake zaman coci ɗaya da shi. Aka fara da daina amsa gaisuwarsa. Aka yanke wa dokinsa wutsiya. A wani kwarin ma an kama mai irin aikinsa an shafe shi da kwalta an barbaɗa masa gashin kaji.

Lokacin girbin shekara ta 1794, Saje da Ƙarami suna yanka a gona, sai ga Duncan Rainey maƙeri da mutum bakwai ko takwas a bayansa. Rainey ƙato ne mai babbar murya, shi ke jan samarin kwarin.

"Sannu da aiki, Saje."

"Yawwa. Ku da yawa haka, ko taya ni za ku yi? Ga lauje can a gindin itace."

Ba wanda ya yi dariya. Rainey ya ce, "Magana ce ta kawo mu. Samari sun taru, bindigogi akwai, zuciya akwai. Abin da babu shi ne mai koya musu tsayuwa a sahu. Kai ka san aikin."

"Sahu don wa?"

"Ai ka sani."

"Daga bakinka nake so in ji."

Rainey ya tofar da tabar da yake taunawa. "Don duk wanda gwamnati ta turo. Ku kun ƙi harajin Ingila, kun yi yaƙi, an tafa muku. Mu da muka ƙi wannan shi ne muka zama 'yan iska?"

Saje ya miƙe, ya share zufa da bayan hannu. "Harajin nan zalunci ne. Na faɗa a coci, na faɗa wa Harkness ido da ido. Amma kai Duncan ba ka taɓa ganin abin da igwa ke yi wa sahun samari ba. Ni na gani, da hannuna na kwashe. Janar ɗin da kuke so in jera yaran nan su yaƙe shi kuwa na san halinsa. Ba ya cika baki. In ya ce zai zo, to zai zo."

Rainey ya waiwaya ga mutanensa. "Kun ji ko? Tsohon karen Janar, har yau yana jiran a yi masa fito."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Saje ya ga kunnuwan ɗansa sun yi ja, ya ga yadda ya damƙe ƙotar lauje. Ya ce, "Duncan, fita mini daga gona, kana taka mini hatsi."

Suka tafi. Har rana ta faɗi Ƙarami yana yankan hatsi kamar mai huce haushi, kuma Saje ya san wannan ba na lafiya ba ne.

Bayan 'yan kwanaki Ƙarami ya ci abincin rana ya ce zai je wajen niƙa. Bai ɗauki buhu ba. Da la'asar hayaƙi ya turnuƙe daga bayan tudu, ta wajen gidan Harkness, baƙi ƙirin, irin wanda ba ciyawa ke yin sa ba. Jennet da Prudence suka fito ƙofa suka tsaya, ba mai kallon ɗaya. Saje ya ci gaba da ba dawaki ruwa.

Kafin duhu ya shiga Ƙarami ya dawo ta bayan barga, fuska duk gawayi, hannun rigarsa a ƙone. A bakin kwamin ruwa ya tarar da uban.

"Mutanen gidan fa?"

"Sun fita. Mun bar su sun fita, shi da matar da yaran."

"Kun bar su. Wa ya kai wutar?"

Ƙarami ya sunkuyar da kai.

"Wa ya gan ka?"

"Duk mun shafa gawayi, Baba."

"Gawayi na rage tsawo ne? Akwai mai tsawonka a kwarin nan?"

"Ɗan matsoraci suke ce mini, a gaban kowa. Ya kake so in yi?"

"Da ka bar su su faɗa. Ni aka zaga, ni kuwa ban ƙona gidan kowa ba." Ya tura masa guga da ƙafa. "Wanke fuskarka kada matarka ta gan ka haka."

Ta riga ta gani. Tana tsaye a gefen barga, hannu ɗaya a kan cikinta da ya fara fitowa.

Harkness ya kwashi iyalinsa ya tsallaka duwatsu, kowa kuma ya san da sunaye a bakinsa ya tafi. Na ɗan lokaci kwarin ya zama na Rainey da samarinsa, ana taro ana kaɗa tuta ana cewa ba sojan da zai iya hawo duwatsun nan. Da sanyi ya fara shigowa sai fatake suka fara kawo wani labari. Shugaban ƙasa ya kira mayaƙan jihohi, runduna ta taru wadda ko a yaƙin Ingila ba a cika ganin irinta wuri ɗaya ba, shi da kansa kuma ya hau doki ya rako ta wani nisa. Manyan muryoyi suka fara ƙanƙancewa. Kullum sai a ji wane ya shiga kwalekwale ya bi kogi yamma, wane ya shige daji.

Jennet ta roƙi ɗanta har da hawaye. "Ka tafi, ko na hunturu ɗaya ne. Ni zan kula da ita."

Amma cikin Prudence ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, unguwarzoma ta ce haihuwar ba za ta zo da sauƙi ba. Ƙarami ya ce ba inda za shi. Saje ya bar shi da zaɓinsa. Ya dai ɗauki bindigogin gidan biyu ya naɗe da fata ya binne a ƙarƙashin kejin kaji.

Wata safiya a watan Nuwamba, ana yayyafi haɗe da ƙanƙara, uba da ɗa suna faskare a tsakar gida, sai kare ya fara haushi. Kafin su ɗaga kai sojan doki sun shigo ta hanyar rafi, sun kewaye gidan. Shugabansu wani laftana ne matashi, ɗan gabas, hanci ya yi ja don sanyi, da ganinsa ya gaji da laka da mutanen laka.

"An ce nan ne gidan Enoch Gilmore, wanda ya cinna wa gidan ma'aikacin gwamnati wuta. Wane ne a cikinku?"

Saje ya kafa gatari a gungume, a hankali, yadda kowa zai ga hannunsa.

"Ni ne."

"Baba..."

"Kai Thomas, rufe mini baki. Kwashi itacen nan ka kai wa uwarka, wuta na mutuwa."

Jennet tana bakin ƙofa. Saje ya ga ta kama ginshiƙi kamar wadda aka naushe ta a ciki. Laftana ya dube ta, ya dubi dogon saurayin, ya sake dubanta.

"Ke, wannan ɗanki ne?"

"Ɗana ne."

"Sunansa?"

Doki ɗaya ya yi atishawa. Ƙanƙara na sauka a kan rufi. Saje bai kalle ta ba, ya zuba wa gatarinsa ido.

Ta ce, "Thomas."

Laftana ya matso da dokinsa har numfashin dabbar na dukan fuskar Saje. "An ce mana dogo ne."

"A cikin hayaƙi kowa dogo ne, yallaɓai."

"Da wannan ƙafar ka je?"

"Da ita na bi Janar har bakin teku. Gidan Harkness kuwa bayan tudun nan yake."

Ƙarami na tsaye da itace rungume a ƙirji, bakinsa na motsi. Sai ga Prudence ta fito da ƙaton cikinta, ta kama masa wuyan hannu. Daga baya an ga sawun farcenta a wurin, har jini. Ta ja shi, ya bi ta kamar makaho.

Laftana ya share ruwa daga fuskarsa. Akwai sauran gidaje a gabansa, ruwa kuma na shiga masa wuya. Ya ɗaga hannu, aka ɗaure Saje da igiya. Jennet ta fito da gudu da tsohon kwat ɗinsa na soja da guntun burodin masara. Da take yafa masa kwat ɗin ta kai baki kusa da kunnensa.

"Allah ya yafe maka sunan nan da ka sa na faɗa."

A bargar wani masauki aka tara su, mutum arba'in ko fiye, a kan danyen kashin dawaki, ba wuta. Aka ɗaure su biyu-biyu, baya da baya. Wanda aka haɗa Saje da shi Rainey ne, an kamo shi a bakin kogi yana neman kwalekwale.

Rainey ya karkato kai. "Kai kuma? Ai ba kai..."

"Ni ne Enoch Gilmore ko ba ni ba ne?"

Rainey ya saci kallon masu gadi. Can ya ce, "Kai ne."

"To riƙe wannan."

Rabin mutanen bargar sun san gaskiya, kuma an sanar da su cewa duk wanda ya taimaka da magana zai kwana a gidansa. Ɗaya bayan ɗaya ake kwance su a shiga da su cikin masaukin. Duk wanda aka kira, Saje sai ya bi bayansa da ido har ƙofa ta rufe, ya kasa kunne ko zai ji an ɗaura wa dawaki sirdi. Wasu sun fito sun wuce gida ba su waiwayo ba. Dawaki dai ba su motsa ba. Da aka kira Rainey kuwa, Saje ya fid da rai, don ya san mutumin ba ya iya riƙe harshensa ko a coci.

Rainey ya dawo da leɓe a fashe. Aka sake ɗaure su.

"Sun tambaye ni a kanka."

"Ka ce me?"

"Na ce tsohon nan ai mugu ne, ya fi mu duka zafi." Ya yi dariya har da tari.

"Ka kyauta. Ka ƙara wa igiyata kauri."

"To ya kake so? Ko dai kai ko yaron."

A ƙarshe aka saki mafi yawa, aka ware kimanin ashirin da za a kai Philadelphia, babban birnin ƙasar a lokacin, a yi musu shari'ar cin amanar ƙasa, wadda hukuncinta rataya ne. Saje da Rainey na ciki. A ƙasa suka tafi, tsakanin sahu biyu na mahaya masu zararrun takubba, cikin ƙanƙara wani wuri har gwiwa. Tun a hawan dutse na farko tsohon miki ya buɗe a ƙafar Saje. Kullum da safe sai ya yage wani yanki na rigarsa ya naɗe, kafin azahar tsumman ya jiƙe ya daskare. Bai yi ƙorafi ba. Abin da yake tsoro shi ne ya faɗi a hanya a ce wannan gurgun ba zai iya aikin da aka ce ya yi ba.

A tsakiyar duwatsu zazzaɓi ya kama Rainey. Ƙaton nan ya koma tangaɗi, ido ya yi ja, ya fara sambatu. Saje ya rataya hannun mutumin a kafaɗarsa yana jan sa. Suna cikin hawan wani tudu sai Rainey ya ɗaga murya, tas kamar mai lafiya.

"Ƙarami, miƙo wutar. Ta bayan gidan, Ƙarami, yi sauri."

Sojan da ke kusa ya ja linzami. "Wa yake kira?"

Saje ya gyara riƙon da ya yi wa Rainey. Ya ce, "Ƙaramin ɗansa ne. Maƙeri ne ai, yaron ke miƙo masa wuta a maƙera."

"Ya ce bayan gida."

"Can maƙerar take."

Sojan ya ci gaba da tafiya dab da su, kai a karkace. Rainey ya sake buɗe baki. Saje, wanda ko a coci motsa leɓe kawai yake yi, ya ɓarke da waƙar Zabura da muryarsa mai kama da ta tsohon ƙyaure. Wani fursuna a baya ya gane, ya amsa, wani ma ya amsa, har sahun duka ya ɗauka. Haka suka yi ta yi duk lokacin da sambatun ya tashi, har zazzaɓin ya sauka. Sojojin suka ɗauka tsoron Allah ne ya kama 'yan tawaye.

Ranar Kirsimeti suka shiga birnin. Aka liƙa wa kowa farar takarda a hula, alamar 'yan tawaye, aka zagaya da su tituna, jama'a ta yi dafifi, wasu na ihu wasu na jifa da ƙanƙara. Saje ya san titunan nan. Ya taɓa bin su lokacin yaƙi, da ganye kore a hula da bindiga a kafaɗa, mata na ɗaga musu hannu daga tagogi. Wani soja ya ce ga gidan shugaban ƙasa can. Bai ɗaga kai ba.

Hunturun duka a kurkuku suka yi shi. Ba labarin gida. Bai san ko Prudence ta sauka lafiya ba, bai san ko Ƙarami ya iya zama da shirunsa ba, ko kuwa wata rana zai ga an turo shi ta ƙofar nan ya kawo kansa. Duk sanda makulli ya yi ƙara sai ya ɗaga kai ya duba.

Da bazara lauyoyin gwamnati suka fara neman shaidu, suka ga ba su da yawa. Aka saki Rainey da wasu. Shi kuwa Saje aka ce akwai mai shaida a kansa. Wata rana da hantsi aka fito da shi zuwa wani ɗaki mai taga ɗaya. Ga lauya zaune, ga Silas Harkness tsaye a gefe, ya rame, hula a hannu.

Saje ya daɗe yana juya wannan haɗuwa a ransa, bai ga ƙofar fita ba. In Harkness ya ce shi ne, igiya. In ya ce ba shi ba ne, dawaki za su koma Rafin Barewa.

Lauya ya ce, "Ka san wannan?"

"Na san shi. Enoch Gilmore ne, saje. Benci ɗaya ke tsakaninmu a coci."

"Shi ya kai wutar?"

Harkness ya dubi fuskar Saje, ya dubi ƙafar da ke naɗe da tsumma, ya daɗe a kanta.

Lauya ya ce, "Ina jin ka. Da bakinka ka ce Enoch Gilmore ne."

"Na faɗa. Raina a ɓace yake a lokacin, sunan da na ji ana kira na faɗa. Fuskokin duk gawayi ne. Ba zan dafa Littafi Mai Tsarki in rantse ba."

Lauya ya ajiye alƙalami. Mutum ne mai kaifin ido, bai yi fushi ba. Ya tambaya a hankali, "Akwai wani Enoch Gilmore a kwarin?"

Saje bai waiwayi Harkness ba. Ya kafe ido a bango.

Harkness ya juya hularsa sau biyu. "Ni dai wannan na sani ana kira da sunan."

Lauya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya fita kiran mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe. Harkness ya matso, bai kalli Saje ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na ga ɗanka ranar nan kamar yadda nake ganinka yanzu. In na ce kai ne, a rataye tsohon gurgu, alhakinsa a wuyana. In na ce shi ne, a mayar da ni kwarin in nuna shi, ba zan kwana biyu da rai ba. Matata ba ta ƙara barcin kirki ba tun ranar. Ƙaramar 'yata ko murhu ta ga an hura sai ta shige ƙarƙashin gado. Ka gaya masa."

"Zan gaya masa."

"Kada kuma ka gode mini."

Bazara na ƙarewa aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi, ba shari'a ba ban haƙuri. A cikin waɗanda aka kai, biyu kaɗai aka yanke wa rataya, su ma shugaban ƙasa ya yi musu afuwa. Saje ya kama hanyar yamma, wani wuri a ƙasa da sanda, wani wuri a bayan keken fatake, yana yi wa mutane faskare su ba shi abinci.

Hatsi ya fara nuna da ya iso. Prudence ta haifi mace, da ƙyar ta sha, an sa mata Ruth. Ƙarami ya noma gonar duka shi kaɗai, har ya sare sabon fili, ya rame ya zama kamar sanda. Da ya hango uban yana ɗingiso ta hanyar rafi, sai ya tsaya a tsakiyar gona ya kasa zuwa ya kasa komawa. Saje ne ya ƙarasa wurinsa. Kafin ya shiga gida, kafin ya sha ruwa, ya isar masa da saƙon Harkness kalma da kalma, har da maganar yarinyar da murhu.

Ƙarami ya zauna a kan kututture ya rufe fuska. Da ya iya magana ya ce, "Ban roƙe ka ba, Baba."

"Ba ka roƙe ni ba. Ni ma ban yi shawara da kai ba. Tashi ka nuna mini jikata."

Zaman bai koma yadda yake ba. Ƙafar ba ta ƙara warkewa sosai ba, kullum da yamma Jennet ke wanke ta da ruwan gishiri, Ƙarami kuwa da ya ga an ɗauko kwano sai ya fita. 'Yan kwarin sun san abin da ya faru, ba mai faɗa. Baƙi kuwa labarin da ya kai musu daban ne. Sai mutum ya tare Saje a wajen niƙa ya kama masa hannu, wai yau ga shi ga jarumin da ya ƙona gidan mai haraji. Saje ba ya iya musu, ba ya iya amsawa, sai ya zare hannunsa ya ce rana na yi. In Ƙarami na wurin, ranar ba ya cin abinci.

Bayan girbi biyu Ƙarami ya ce zai koma Kentucky can yamma, an ce ƙasar can baƙa ce mai kyau. Saje bai hana shi ba. Ya ba shi doki mafi ƙarfi da gatari mafi kyau, ya raka su bakin kogi, ya riƙe Ruth a hannu har aka gama loda kaya. Uba da ɗa ba su sake ganin juna ba, sai dai gaisuwa a bakin fatake.

Shekaru kaɗan bayan haka wata gwamnati ta soke harajin. Saje ya riga ya bar noma a lokacin, ya ba da gonar haya, ya koma gyaran sirdi da linzami a zaune a bakin ƙofa, aikin da ya iya sosai duk da idonsa ya fara rauni. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi wata bazara, bai yi dogon jinya ba. Rainey, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, shi ya ƙera ƙusoshin akwatin, ya kuma kama gaba da aka ɗauka zuwa maƙabartar coci. Jennet ta zauna har aka yi girbi. Daga nan ta sayar da gonar ga wasu Jamusawa masu 'ya'ya da yawa, ta shiga jirgin wani falken gishiri, ta bi kogi zuwa wurin ɗanta.